Mai Riƙon Tsani

A Valparaíso gidaje kan hau tudu
kamar awakin da suka ƙi komawa garke,
kowane da launinsa, kowane da tsatsarsa,
teku na kwance can ƙasa yana lasar ƙafar gari.

Mu biyar ne.
Ximena ke jan layin farko da gawayi.
Baltasar ke cike manyan filaye da buroshi.
Tagwayen nan, Amaro da Nahuel, su ke da gwangwanin feshi,
kafin ka hango su ka ji kacau-kacau.
Ni kuwa tsani nake riƙewa.
Shekara uku ke nan.
Na san ƙasan takalmin kowannensu
fiye da yadda na san fuskarsa.

Bana bangon Doña Eduvigis muka samu,
sai ka taka matakala ɗari da sittin kafin ka iso,
numfashi na fita da guntun zagi.
Ta leƙo ta taga da kofin shayi a hannu, ta ce:
"Ku zana abin da ranku ya so,
amma tsagar nan kada wanda ya taɓa.
Girgizar ƙasa ce ta yi ta, daren da na haifi autana.
Shi ya tafi arewa haƙar tagulla, ita ta zauna da ni."

Baltasar ya ce a toshe da siminti, tsohuwa ba za ta lura ba.
Ximena ta ce a kan gawarta.
Kwana biyu ba mai yi wa wani magana,
gurasa ma kowa ya juya baya yake ci.
Ni dai ina riƙe da tsanin da ba kowa a kai.

Ran na uku Nahuel ya bi tsagar da yatsa
tun daga indararo har inda karnuka ke fitsari,
ya ce: "Wannan ai igiyar ƙugiya ce."
Shi ke nan. Ximena ta ɗora masunci a sama,
Baltasar ya malalo ruwa,
shuɗi ya ƙare mana da la'asar,
wani mai kwale-kwale ya hauro da ragowar fentinsa a gwangwanin madara,
bai ce komai ba, ya ajiye, ya sauka.

Saura kifi.
Bakin tsagar na daidai gwiwata,
wurin da ba ya bukatar tsani.
Suka sauko su huɗu, suka kalli juna.
Amaro ya cusa mini gwangwani a hannu, da ɗuminsa.
Na ce ban iya ba.
Daga taga tsohuwa ta ce: "Shekara nawa kana kallon sama?
Sunkuya."

Hannuna ya yi ta rawa.
Kifin ya fito da ƙaton kai, ido ɗaya ya fi ɗaya,
jan fenti ya zubo masa kamar yana kuka.
Ba wanda ya gyara.
Ximena ta ce haka kifin da aka kama yake.

Ba mu sa sunan kowa ba,
tambarinmu kawai, ƙaramin tsani mai hawa biyar.

Mun san sauran labarin:
gishirin iska zai ci shuɗin,
wani yaro zai zo da dare ya rubuta sunan budurwarsa a kan ruwan,
wata rana a sayar da gidan, a shafe shi da fari.
To, sai me?
Jiya na biyo ta wajen da sassafe,
na tarar da wata yarinya da jakar makaranta ta tsuguna,
tana ba kifina ɓawon gurasa,
ƙadangare kuma ya leƙo daga tsagar
yana gyaɗa kai.